Ranar da Direbanmu Ya Ja da Baya

Ni mutum ne mai tsoron takarda. Firamare kawai na yi, shi ya sa duk wadda aka miƙo mini nakan karanta ta sau uku, in kai wa wani ya sake karanta mini.

Mu uku muka haɗa kamfanin jigilar albasa tsakanin Jibiya da Maraɗi: ni, da wani aminina na Bugaje, da yayan matata, mutumin Maraɗi. Rajista biyu muka yi. Takardarmu ta Najeriya ta ce mu uku daraktoci ne, ba a yanke magana sai da rinjaye. Ta Nijar kuwa manaja ɗaya ta sani, suna ce masa jeran, shi ke riƙe da hatimi. Yayan matata ne jeran.

Sai ya ƙuduri sallamar tsohon direbanmu, wai idonsa ya yi rauni, alhali ƙanin abokinsa yake so ya ɗauka. Muka zauna a Jibiya, mu biyu muka ƙi. Ya yi murmushi, ya gayyace mu suna a Ɗan Isa, cikin Nijar.

Tsohon ne ke tuƙa mu. Muna wuce shingen ƙarshe na ɓangarenmu, sai Yaya ya zaro hatimi daga aljihu, ya hura masa iska.

“To daraktoci, nan ƙasarmu ce. Nan ba a ƙirga hannu.”

Har ga Allah na ɗauka doka tana bin inda ƙafar mutum take.

“Yaya, ka tabbata mun shiga Nijar?” in ji ni.

“Ba ka ji hanya ta yi santsi ba?”

Tsohon ya taka birki, ya sa ribas, muka fara ja da baya a hankali, masu babura suna zaginmu.

“Baba, mi kake yi?” in ji Yaya.

“Alhaji, idona ne ba ya ganin gaba sosai. Baya kam ina gani.”

Da ya tsaya, aminina ya ɗaga hannu, ya ce bai yarda a sallami Baba ba. Ni ban ɗaga ba sai da na sauka na tambayi wata mai fura ko nan Najeriya ce. Ta ce tun kakanta. Na roƙi Baba ya ƙara ja kaɗan, saboda kada hancin motar ya rage a Nijar.

Sannan na ɗaga nawa. Baba ya yi shekara huɗu yana tuƙa mu bayan nan.