Manhajar da Na Goge da Hannuna

Ko na tsufa na fara manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranar rabon takin nan a wani ƙauye kusa da Makoda, ranar da iyayina ya shanya manoma a rana.

Lokacin ban daɗe da gama difloma a fannin kwamfuta ba, ina ji da kaina sosai. Ƙungiyar manoman yankin ta ɗauke ni in kula da rumbun bayananta, inda sunan kowane manomi da girman gonarsa suke. Rumbun yana cikin wata tsohuwar kwamfuta a lungun ofis, ita ake kira saba. Ni kuma da wata manhaja ta cikin laftof nake shiga in ciro sunaye.

Tun ranar farko sakatariyar ƙungiyar, wata dattijuwa, ta ce min, "Ɗana, wanda ya haɗa mana sabar da manhajar ya ce tare suke tafiya. Kada a canza ɗaya a bar ɗaya."

Na ce, "To, Hajiya." A raina kuwa cewa nake, me ta sani?

Ana gobe rabo na shiga garin Bici, na samu sabis mai ƙarfi, na sauke sabuwar sigar manhajar, na goge tsohuwar har da tsaki. Ko gwadawa ban yi ba.

Da safe motar taki ta iso. Damina ta kankama, masara ta fara ɗorawa, kowa a matse yake. Layi ya kai har gindin darbejiya. Na gyara zama yadda kowa zai gan ni, na danna. Sai ga jan rubutu, wai wannan sigar ba ta aiki da saba mai tsufa haka. Na kashe na kunna. Na zare waya na hure ta. Har janareta sai da na ɗora wa laifi.

Shugaban ƙungiya ya leƙo. "Injiniya, yaya? Direba ya ce in azahar ta yi, gaba zai yi da kayan."

Na ce bari in sabunta sabar ita ma, a huta.

Hajiya ta dafa teburin. "In sunayen suka ɓace, kana da wasu a aljihu?"

Ba ni da su.

"To me ka taɓa?"

A gaban jama'a na faɗi abin da na yi, murya ƙasa-ƙasa. Ba ta yi min faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Durowa ta jawo, ta ɗauko wani tsohon littafi, ta nuna min lambobin siga guda biyu a jere, ta sabar da ta manhajar da ta dace da ita.

Na hau babur na koma Bici, na tsuguna ina sauke abin da na goge jiya, shugaba kuma ya riƙe direba da fura da hira. Ana kiran salla na dawo, ƙura har gira. Na danna, sunaye suka zubo.

Wani tsoho da ya karɓi buhunsa ya dube ni ya ce, "Injiniya, ashe kai ma tsohon iri ka koma?" Layi gaba ɗaya ya kwashe da dariya.

Tun ranar, kafin in ɗora kowace manhaja sai na duba lambar sabar da za ta yi aiki da ita, in gwada a gefe. In kuwa wanda ya riga ni a wuri ya ce kada a taɓa, sai na tambayi dalili kafin in miƙa hannu.