Mushe a Marmaron Delfi

Haralambos makiyayin awaki ne, ɗan makiyayi, a kan dutsen da ke bisa Delfi aka haife shi. Shekara sittin da uku yana hango kufan gidan wata bokanya ta mutanen zamanin da, bai taɓa sayen tikiti ya shiga ba. A wurinsa tulin duwatsu ne da jahilan farko suka girmama, jahilan baya kuma suke zuwa da hular rana su ɗauki hoto. Shi yana kiwo, matarsa Efstatiya tana cuku, ran Lahadi su tafi coci.

Hukuma ta haramta kiwo a kwazazzabon da ke bisa marmaron da masu ziyara suke tabarraki da shi, wanda aka kama kuwa garkensa ake karɓewa. Amma da rani a can kaɗai ciyawa take, don haka yakan saci hanya. Wata Talata baƙar akuyarsa ta zame, ta faɗa tsakanin duwatsu biyu, ta mutu a cikin ruwan da ke gangarawa marmaron. Ya leƙa ya gan ta, ya tuna awakinsa arba'in, ya bar ta a can, ya ɓoye zancen.

Bayan kwana takwas ya sauko kai cuku gari, hanya ta bi da shi ta bakin marmaron. Ya tarar da baƙi sun yi layi. Wannan yana kamfata yana sha, waccan tana shafawa a fuska ido a rufe. Mai gadin wurin, Fotis, ɗan ƙanwarsa ne.

"Kawu, yau kai ma fatawa ka zo nema wurin bokanya?" in ji Fotis.

"Bokanyarku ta ruɓe tun kafin a haifi kakan kakanka, ɗan nema. Me waɗannan suke yi?"

"Sha suke, wai yana buɗe basira. Jiya wani farfesa ya rantse har wani ɗanɗano ya ji na daban."

Haralambos ya san ɗanɗanon mene ne. Ya hangi baƙin gashi yana yawo a gorar wani dattijo, ya tofar da yawu. Ya rasa wanda ya fi ba shi ƙyama, masu neman hikima a cikin najasa, ko shi da ya sani ya ƙi faɗa.

Yana shirin wucewa sai ya ga wata mata ta durƙusa tana cika bulumbotin jaririnta. Ya fizge shi daga hannunta ya zubar, tana zaginsa da yaren da ba ya ji. Sa'an nan ya ajiye cukun, ya hau kwazazzabon. Da ya dawo yana jan mushen da igiya, ya kumbura, tsutsa tana zuba, layi ya watse, wasu suna amai a gindin itacen zaitun.

Fotis ya toshe hanci, ya matso ya rage murya. "Kawu, bari in rubuta ba a san mai ita ba."

"Tawa ce. Rubuta sunana, kuma ka gyara rubutun nan naka mai kama da sawun kaza."

Ran Juma'a motar hukuma ta zo ta kwashe garken, Efstatiya tana kuka a bakin ƙofa. Marmaron kuwa kwana shida aka gitta masa igiya. A na bakwai aka kwance ta, mutane suka dawo da gorunansu.