Yadda Mansura Ta Nemo wa Fanna Hanyar Sifaniya

Mansura Rilwanu taubashiyata ce, 'yar ƙanin mahaifiyata, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kanta, ita kuma ta rama in mun haɗu. Tun muna yara a Haɗeja ba ta san wani abu wai shi "haka aka ce" ba. In ka gaya mata kogi ya kawo, sai ta tambaye ka wa ya gani, kuma da ido ya gani ko labari ya ji. Mahaifinta tela ne a bakin kasuwar kifi. A nan ta ƙware a karatu, da tsofaffin jaridun da ake naɗe banda a ciki. Sai ta koma gida tana ƙarnin tarwaɗa, kanta cike da labarin ƙasashen da ko sunansu ba mu iya faɗa ba.

Da ta tafi jami'a a Kano ta ce ilimin laburare za ta karanta, na yi mata dariya har da hawaye. Na ce yanzu sai an je jami'a kafin a iya jera littattafai a kan kantoci? Ta ce ai ni ma sai da na je kwaleji kafin na san kashin shanu taki ne. Ni Munzali malamin gona ne, kuma har gobe Malamin Taki take kirana, a gaban 'ya'yana ma.

Ta dawo ta auri wani malamin firamare mai haƙuri, ta kama aiki a wata 'yar laburare a cikin gari. Ɗaki ne ɗaya da rabi. Yawancin littattafan sun girme ta. Kwamfuta biyu ce, ɗaya ta daɗe da rasuwa, ɗayar kuma tana aiki da hasken rana in babu hadari. Shekarar da ambaliya ta shigo gari, sai da Mansura ta gama ɗora littattafai a saman kantoci kafin ta tuna da kayan ɗakinta. Mijin har yau in ya tuna katifarsa sai ya girgiza kai. Abu ɗaya ne ba za ka taɓa ji a bakinta ba, wato "babu". Sai dai ta ce babu a nan, amma akwai a wani wuri, ka ba ta lokaci.

Na daɗe ina aiki a Guri, a can na yi aboki mai suna Umara, masunci ɗan masunta. Da ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa kifi ya ja baya, Umara ya bi 'yan'uwa ya tafi neman abinci. Ƙafa ta kai shi har kudancin Sifaniya, inda yake aikin tumatir a gonakin da ake rufewa da leda. Ya sha wuya, amma Allah ya taimake shi ya samu takardar zama. Sai ya nemi izinin ɗauko iyalinsa: matarsa Zulaihat, da 'ya'yansa maza biyu, da Fanna.

To, Fanna ba shi ya haife ta ba. 'Yar wansa Ja'afaru ce, wanda kwale-kwale ya kife da shi ya rasu tun tana cikin uwarta, uwar kuma ba ta yi arba'in da haihuwa ba ta bi shi. Zulaihat ce ta goye ta. A wurinmu wannan ba labari ba ne. Ɗan ɗan'uwanka ɗanka ne, kuma mutumin kirki ba ya buɗe baki ya bambanta ɗan riƙo da ɗan cikinsa. Saboda haka da aka tambayi Umara wace ce Fanna, ya rubuta 'yarsa, zuciyarsa fes. Ofishin biza ya nemi gwajin jini. Na yaran maza ya dace, na Fanna bai dace ba. Aka ce uwa da maza su taho, yarinya ta zauna.

Zulaihat ta ce ƙafarta ƙafar Fanna. Fanna kuwa tana da shekara goma sha shida, abin da aka gaya mata kawai shi ne takardunta sun ɗan samu tangarɗa.

Ni na kawo Zulaihat wurin Mansura, da takardar da ofishin ya ba su, Sifaniyanci tun daga sama har ƙasa. Na ce, "Ga shi nan, gwanar akwai-a-wani-wuri. Yau zan ga ƙarshen cika baki."

Ta karɓa ta duba, ko gezau. Ta ce, "Malamin Taki, matsa min daga haske." Sannan ta dubi Zulaihat. "Ƙanwata, ni ba lauya ba ce, kuma ban iya yarensu ba. Amma hukuma ba ta hana mutum abu sai ta faɗi dokar da ta dogara da ita. Ga lambarta nan a ƙasa. In dai an rubuta dokar, za mu gan ta."

Na zaci da waya za ta fassara takardar a tashi. Ta yi hakan, amma ta ce wannan don ta san inda aka dosa ne kurum, fassarar waya kamar ɗan aike ce, tana kawo saƙo ta zubar da rabi a hanya. Ta shiga shafin da gwamnatin Sifaniya ke wallafa dokokinta kyauta, ta buga lambar, sai ga dokar baƙi mazauna ƙasar. Na ce shi ke nan, an gama. Ta ce ba a ma fara ba. An sha yi wa dokar gyara, dole ta tabbatar wadda ke gabanta ita ce mai aiki a yau. Wani shafin Turanci da ni na samo ina ta murna, ta duba kwanan watansa ta ce ya tsufa, in mayar da shi inda na ɗauko.

Kalmomin shari'a ne suka tsaya mata a wuya. Sai ta kira wata ƙawarta, Ummussalma, da ke aiki a laburaren wata jami'a a Kano. Ashe akwai ƙamus na kalmomin shari'a daga Sifaniyanci zuwa Turanci a can, yana zaune babu mai taɓa shi. Irin littafin da ba a fita da shi ne, don haka Mansura ta riƙa tura kalma, Ummussalma na turo hoton shafi. Da abin ya yi yawa, wata Asabar ta hau mota da kanta ta tafi Kano, ta wuni da ƙamus ɗin. Ta dawo da ciwon wuya da fara'a.

Ta zaunar da mu ta nuna mana sashen da ya lissafa waɗanda mutum zai iya ɗaukowa. Akwai mata, akwai 'ya'ya. A ƙarƙashinsu kuma akwai wani layi da ya yi maganar yaron da bai kai shekara goma sha takwas ba, wanda mutumin ne wakilinsa a shari'a. Ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Ga Fanna nan. Ta ƙofar da ba tata ba aka kai ta."

Duk da haka ba ta tsaya nan ba. Ta ce abin da doka ta rubuta daban, yadda alƙalai ke aiki da ita daban. Ta rubuta wa laburaren wata tsangayar shari'a a Sifaniya, da Turancinta na Kano, ta bayyana abin da take nema. Na ce wa zai kula ki? Ta ce masu aikin laburare dangin juna ne ko'ina suke. Ba a yi mako ba wata mata ta amsa. Ta nuna mata rumbun hukunce-hukuncen kotunansu da kowa zai iya shiga, ta ce ta nemi kalmar kafala, wato riƙon yaro bisa shari'a, don 'yan Maroko mazauna can sun sha zuwa kotu a kan 'ya'yan riƙo. Mansura ta bi hukunce-hukuncen nan da ƙamus da waya da taurin kai. Wasu sun yi nasara, wasu ba su yi ba, kuma ba ta ɓoye mana ba. A cikin waɗanda ta karanta, masu nasarar suna da hukuncin kotu a hannu, ba maganar baka ba. Ta tsara abin da ta samu a shafi guda, kowace magana da inda ta samo ta, ta ce Umara ya kai wa lauya a wata ƙungiyar taimakon baƙi da ke garin da yake. Lauyar ta ce hanya ce mai yiwuwa. Ta ce a samo hukuncin kotu, a gyara takardar haihuwa, a faɗi gaskiyar yadda kuskuren farko ya faru, kuma a yi sauri kafin yarinya ta cika sha takwas.

A nan ne gizo ya yi saƙa. Sai an je gaban alƙali a Haɗeja an faɗa a fili cewa Ja'afaru ne mahaifin Fanna, kuma alƙali zai so jin ta bakinta. Muka kira Umara a waya, muna zaune a laburare.

Ya ce, "Malama, na gode da wahalarki, Allah ya saka. Amma ba zan iya ba. Yarinyar nan ba ta san wani uba ba sai ni. Kina so in aiko a gaya mata a gaban jama'a ni ba kowa ba ne?"

Mansura ta ce, "Malam Umara, wa ya ce kai ba kowa ba ne? Alƙali zai rubuta kai ne mariƙinta, kai ke ci da ita, kai ke shayar da ita. Abin da kake yi tun tana zanin goyo shi za a sa wa hatimi."

"Zuciyarta za ta karye."

"In kun tafi kun bar ta a Guri fa, me za ka ce mata? Ko za ka bar Zulaihat da yara a nan har tsufa? Na duba, na sake dubawa. Sauran ƙofofin ba namu ba ne. Wannan ce, kuma ba za ta daɗe a buɗe ba."

Sai ya kira sunana ya ce, "Munzali, kai ne wakilina. Amma ni kada a sa ni a waya ranar."

Gaskiya na ji tsoron ranar nan. Zulaihat ta yi alkawarin za ta gaya wa yarinyar kafin mu je, amma har muka shiga kotu bakinta ya kasa. Mansura ta rufe laburare da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba, ta zo ta zauna kusa da Fanna. Dattawa biyu daga Guri suna waje suna jiran a kira su shaida. Alƙali dattijo ne mai sanyin murya. Ya duba takardu, ya ɗago kai.

"Yarinya, matso. Yaya sunanki?"

"Fanna."

"Wane ne mahaifinki?"

Na sunkuyar da kai. Zulaihat ta ja mayafi ta rufe fuska.

Fanna ta ce, "Allah ya gafarta Malam, sunansa Ja'afaru. Allah ya jiƙansa."

Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Alƙali ya ce amin, ya sake tambaya, "To Umara fa, wane ne a wurinki?"

"Babana ne."

Alƙali ya rubuta. Ni dai na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa, kuma Mansura ba ta taɓa yi min gori a kai ba, ita da ba ta barin ko-ta-kwana.

Sauran aikin ya ɗauki watanni. Mansura ce ta gano cewa ba kowa ne zai fassara hukuncin a karɓa ba, sai mai fassarar da hukumarsu ta amince da shi, ta nemo jerin sunayensu. Aka kai takardu Abuja aka buga hatimi, aka sake nema. Bayan girbin shinkafa bizar Fanna ta fito.

Umara ya ɗauki hutu ya zo da kansa ɗaukar su. Zulaihat ta riga ta gaya masa abin da ya faru a kotu, amma ta ce ko sau ɗaya bai tayar da zancen da yarinyar ba. Ana gobe za su tafi suka zo laburare yin sallama, da ƙullin busasshen kifi. Ya yi wa Mansura godiya har ta gaji ta ce ya isa, ita aikinta ta yi. Fanna na tsaye a bakin ƙofa. Ya juya ya dube ta, ya daɗe, kamar mai shirin ɗaga kaya mai nauyi.

"Fanna, tun yaushe kika sani?"

"Tun ina aji biyu, Baba. A bakin ruwa na ji mata suna faɗa."

"Me ya hana ki gaya min?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

"Na ga ba ka so in sani ne, Baba."