Salansar da Baba Ya Zaɓa

Jiya da hantsi wani babur ya wuce ta bayan katangarmu ya saki ƙara, tau! Goyon da ke bayana ya zabura ya fasa kuka, ludayi ya suɓuce daga hannuna. Kada ku ce tsoro ne. Kakata na tuna, da motar Baba.

Motar irin mai kama da kunkurun nan ce, injinta a baya, ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya ta. Tsohuwa ce tun kafin ta zo hannunsa, wajen wani ma'aikacin dam ya saye ta. Da kansa yake goge ta da tsumman tsohon rawani, mu yara ko jingina ba mu isa mu yi da ita ba.

Kaka, mahaifiyar Inna, ta zo gidanmu a Talata Mafara shekarar da ruwan dam ya ci garinsu can wajen Maradun. Ƙunshi ɗaya ta zo da shi, sai akuya. Aka ba ta ɗakin da ke jikin zaure, mai 'yar taga tana kallon waje. Daga baya, cikin wata bazara, aka yi harbin nan da manya ba su son a tayar da zancensa. Kawu, autanta, yana cikin manoman da suka tare hanya, bai dawo ba. Ita ta kai musu fura ranar, ta ji komai da kunnenta. Tun daga nan, ko murfin kwano ne ya faɗi sai jikinta ya ɗauki ɓari.

Kun san kunyar surukai a wajenmu. Baba bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa cin abinci inda take ba. Kullum da safe tun daga nesa zai tuɓe takalmi, ya durƙusa bakin ƙofarta, kai a ƙasa, ya yi gaisuwa doguwa har ƙafarsa ta yi sanyi. Mutumin da ke haka ba shi da bakin cewa surukarsa ta tashi. Ko aike ya yi, gari zai ɗauka. Amma na sha jin shi yana ce wa Inna, ƙasa-ƙasa, gida ya cika, kuma kukan tsohuwa na korar masa baƙi daga zaure.

Farkon damina salansar motar ta ruɓe ta faɗi. Ranar Talata ya ɗauke ni zai sauke ni gidan Gwaggo, muka biya wurin makanike. Ina tuna warin baƙin mai da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Makaniken ya shimfiɗa buhu ya jera salansa biyu. Ɗaya baƙa ce mai ƙaton ciki da 'yan bututu biyu. Ɗayar gajera, tana ƙyalli.

Ya dafa baƙar ya ce, "Wagga ita ce irin tata, da tukunyarta, ba ka jin komi sai gurnani. Wagga ko mai walda ya haɗa ta da guntun bututun ban-ruwa. Ba ta da tukunya. In ka taka ka saki, harbi takai kamar bindiga. Kuma injin ga na iska ne, zafi zai yi mai yawa, ta ƙone maka bawul."

Baba ya ce, "Kamar bindiga?"

"Wallahi."

Sai ya juyo gare ni yana murmushi, shi da ba ya yi mini murmushi. "Ke, wace ta fi kyau?" Shekarata bakwai. Na nuna mai ƙyalli. Ya ce, "Ka ji, ɗiya ta zaɓa. Waccan aje mini ita, kar ka saida."

Da, ƙarƙashin darbejiya yake ajiye motar. Daga ranar sai ya riƙa shigo da ita da baya, har bakin salansar ya kusa taɓa bangon Kaka, daidai ƙasan taga. Da safe ya gama gaisuwarsa, ya sa takalmi, ya fita ɗumama inji. Ya taka, ya saki. Tau! Tau-tau!

Ranar farko ƙarƙashin gado muka same ta, ta toshe kunne, tana kiran Kawu ya kwanta ƙasa, zaninta ya jiƙe. Hayaƙi ya cika ɗakin. Mu yara muka yi dariya. Ni na fi kowa iya kwaikwayonta, har 'yan makwabta na kira na in yi musu. Inna ta ci gaba da daka, hawaye na ɗiga cikin turmi. Me za ta ce? An ce ɗiyarta ce ta zaɓa.

Gero bai kai gwiwa ba Kaka ta ɗaure ƙunshinta, ta ce za ta ga dangi a Damaga. Baba ya durƙusa ya yi roƙo yadda ake yi, a zauna, a yi haƙuri, har ya ce zai kai ta da mota. Ta ja akuyarta zuwa tasha da ƙafa. Ni kaɗai ta kalla, ta ce, "Allah shi raya ki."

Talatar da ta biyo baya aka sa wa motar baƙar salansa, ta koma ƙarƙashin darbejiya tana gurnani a hankali. Kaka ba ta ga kakar shekarar ba, can Damaga ta rasu. Baba ya je gaisuwa, aka yi ta yaba irin riƙon da ya yi mata.

Yau motar tana bayan gidanmu na da, ba taya, kaji na ƙwai a ciki. Baba ya rasu, Inna ta dawo wurina tun watan jiya. Maigidana mutumin kirki ne, yana tuɓe takalmi, yana durƙusa wa Inna. Shekaranjiya ya shigo da janareta a kwali, ya ce wa ɗana ya zo ya nuna inda za a ajiye ta. Na fizge yaron na goya shi, duk da ya yi girma da goyo, na ce ba ya zaɓar komai a gidan nan. Har yanzu tana cikin kwalinta. Ina shara, ina satar kallon inda idon maigida ke sauka.