Ranar da Sarkin Baka Ya Binne Dafinsa

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Isuhu makwancinsa. Shi ne Sarkin Bakan ƙauyenmu da ke bayan Malikanchi, a ƙasar Ikara. Ni ne malamin makaranta a gidanmu, ni ake kawo wa takarda in karanta, amma ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Ba lokaci na rasa ba. Kunya ce ta riƙe mini hannu.

Yaya Isuhu ya gaji harbi daga mahaifinmu, shi kuma daga nasa uban, wanda aka ce yana cikin masu tsaron gari da kwari da baka tun bindiga ba ta yawaita ba. Da kansa yake sare gorar da zai lanƙwasa baka, ya murza tsirkiya da fata, ya zaɓo kyauro ɗaya bayan ɗaya, ya kai wa maƙeri ya zauna a kansa har a ƙera bakin kibiya yadda yake so. Bai iya doguwar magana ba. Idan wani ya zo koyo, sai ya sa shi ya ja tsirkiya ya riƙe, ba kibiya, har hannunsa ya kama rawa. Yakan ce wanda bai iya riƙewa ba bai cancanci ya saki ba. Da yawa sun gudu tun a makon farko.

Akwai kuma tukunyar dafi. A daji yake dafa shi, shi kaɗai, ba ya bari ko matarsa Hajara ta taɓa. Kibiyar da aka shafa wa shi, ko ƙwarzane ta yi wa gwanki ba zai yi nisa ba. Kowa a yankin ya san da tukunyar nan.

Kwanan baya 'yata ta nuna mini a waya yadda ake gasar harbi a wasu ƙasashe. Mutane cikin fararen kaya, bakansu na ƙarfe mai walƙiya, suna harbin allo ana tafa musu, ana rataya musu lambar yabo. Na ga har a makarantu ake koyarwa. Na daɗe ina kallo. Na san da yana raye zai ce a matso masa da wayar, ba zai dubi allon ba, kafaɗar mai harbin zai duba da yadda yake numfashi. A can ana girmama abin da muka mai da alamar ƙauyanci. Ni kaina na yi shekara da shekaru ina koyarwa a Makarfi, ban taɓa tunanin in gayyace shi ya nuna wa ɗalibaina komai ba.

A daminarsa ta ƙarshe aka sace shanun huɗa na gidaje uku. Wanda ya san ƙauye ya san shanun huɗa su ne abincin shekara. Nan take zargi ya faɗa kan rugar Ardo Jaɓɓi, makiyayin da ya fi shekara talatin yana zaune a gefen fadamarmu, muna sayen nononsa, shanunsa na kwana a gonakinmu da rani suna zuba taki. Yaya Isuhu ya bi sawu yini guda. Da ya dawo ya faɗa a gaban mai gari cewa sawun bai bi ta ruga ba, ya yi arewa, kuma akwai tayar babura a tare da shi.

Ba wanda ya so jin haka. Ɓarayin da ke kan babur ba a san inda za a same su ba. Ruga kuwa ga ta nan.

Bayan la'asar matasa suka cika ƙofar gidansa. Ina nan, na zo hutun mako. Jagoransu Lawandi ne, wanda aka kwashe wa ubansa shanu biyu.

"Baba Sarkin Baka, kibau muka zo ka ba mu. Masu dafi."

"Wa za ku harba?"

"Ka sani, Baba."

"Na san wanda bai ɗauki shanunku ba. Ba zan ba ku ba."

Ya shiga ciki ya fito da tukunyar da fartanya. A gaban idonsu ya haƙa rami, ya juye dafin, ya fasa tukunyar a kai, ya mai da ƙasa ya tattake. Kiban da ya riga ya shafa wa dafi ya tura bakinsu cikin wuta.

Hakan bai hana komai ba. Washegari da hantsi suka tafi da adduna da bindigogin toka. Suka ƙona rugar. Ɗan Ardo na fari da wata tsohuwa da ta kasa gudu suka mutu. Sauran suka kora abin da ya rage na dabbobinsu suka bar ƙasar, har yau ba mu san inda suke ba.

Daga ranar sunan yayana ya koma infoma. A masallaci sai a bar gurbi tsakaninsa da na kusa da shi. Aka daina sayen kayan miyan Hajara. Ni kuwa, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, me na yi? Na ja shi gefe na ce, "Yaya, da ka ba su ko guda biyu ne ka huta da bakin mutane." Ya dube ni ya ce, "Habu, har da kai?" Na koma Makarfi na rage zuwa gida, ina cewa aiki ya yi yawa. Wata biyar ban taka ƙofarsa ba.

Lokacin saran rake masu baburan suka dawo, da rana tsaka, wannan karon mutane suke nema. Mata da maza sun cika fadama. Hanyar gudu ɗaya ce, ta mashigin rafi. Waɗanda suka tsira sun ce Yaya Isuhu ya tsaya a bakin mashigin bayan wata giginya, yana ɗana kibiya yana saki, yana yi wa mutane tsawa su haye. Ya sami biyu daga cikin maharan. Kibau ba dafi, suka zare su suka ci gaba. Amma jinkirin da ya jawo ya isa mutane su tsallaka. Mutum huɗu aka tafi da su. Shi aka same shi jingine da giginyar, harsashi uku a jikinsa, kwarinsa ba komai a ciki.

Waɗanda suka ƙi haɗa kafaɗa da shi a sahu su ne suka yi ta rububin ɗaukar makara. A wurin zaman makoki na ji wani yana cewa da bai binne dafin ba da yanzu yana raye. Wataƙila gaskiya ne. Na juya maganar nan shekara tara ban sami inda zan ajiye ta ba.

Har yau ba a naɗa wani Sarkin Baka ba, don babu mai iya aikin. Matasanmu bindiga suke so, kowa da tasa a ƙarƙashin gado, kuma tsoro bai ragu ba. Fadamar rabinta ta koma ciyawa. Da zai leƙo ya gani, ba na jin zai yi mamaki. Zai tambaya wa ke koya musu sanin lokacin da bai kamata a yi harbi ba.

Me ya rage nasa? Akwai yaran da aka haifa bayan ranar, waɗanda iyayensu mata suka haye rafin nan da rai. Akwai hannuwansa da ba su ɗauki jinin marar laifi ba, a shekarar da kusan dukkanmu muka ɗauka, wasu da adda, wasu irina da shiru.

Bara Lawandi ya zo wurina. Ya yi furfura tun bai kai arba'in ba, matarsa na cikin waɗanda suka tsira a fadama. Ya roƙe ni in raka shi wurin Hajara ya nemi gafara. Muka durƙusa a tsakar gidanta mu biyu, don ni ma ina da tawa buƙatar. Ta saurare mu har muka gama, tana tsince wake a faifai.

Ta ce, "Nawa na yafe muku, ku duka. Shi ma na san bai tafi da ku a zuciya ba. Amma ba nan za ku fara ba. Ku je ku nemo Ardo."

Mun tambaya a kasuwar Ikara, mun tambaya a Kudan, mun bi dillalan shanu har mun gaji. Ba mu same shi ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Isuhu, Ya jiƙan waɗanda aka kashe a rugar nan, Ya yafe mana mu da muka rage.