Akushin Gidanmu a Wajen Ciyayya

Abin da na fi tunawa daga taron nan shi ne hoton faranti. An yi taron a harabar ƙaramin asibitin garinmu, can ƙasar Kebbe, bayan an gama yankan dawa. Ma'aikatan lafiya suka zo a kan babura da abin awon jini da na gwada suga, aka shimfiɗa wa maza tabarmi a inuwa, mata kuma a baranda. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal, na zo gida hutu, sai na raka Baba da Inna.

Wata malamar asibiti ta ɗaga babban kwali. An zana faranti an rarraba shi: rabi ganye, gefe guda tuwo ɗan mitsitsi, ɗaya gefen wake ko kifi. Ta yi bayanin hawan jini da ciwon suga dalla-dalla, ta ce a rage gishiri da dunƙulen miya, a daina zuba suga a koko kamar ana jin haushinsa. Ta ce kowa ya kula da farantinsa. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Ba wanda ya gaya mata cewa a cikin mazan nan babu mai farantinsa.

A unguwarmu ciyayya ake yi. Da an sallame magariba kowane maigida zai sa a fito da akushin gidansa, a jera a kan tabarma ƙofar masallaci. A kewaye akushi ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Mata ba sa fitowa, amma akushi na kai musu labari. In ya koma fayau, an yaba. In ya koma da saura, ba sai an ce komai ba. Na Inna tun tana amarya bai taɓa komawa da saura ba, kuma ta san da haka.

Da aka zo kan Baba, malamar ta auna jininsa, ta kwance, ta sake ɗaurawa, ta ce ya hau sosai. Sannan ta sa a kira mata matarsa. Ta ba da ƙwayoyi, ta ce da Inna, "Mama, lafiyar mijinki tana cikin tukunyarki."

Inna ba ta wasa da amana. Washegari miyar kuka ta fita ba gishiri ba dunƙule, sai daddawa. Akushi ya dawo da rabi. Haka ma kashegari. Kafin mako ya zagayo maƙwabta sun fara leƙowa, wai ko lafiya, wata har da aiko da ƙullin gishiri. Inna ta karɓa ta yi godiya, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Shi kuwa wanda ake yi dominsa, loma biyu yake yi a akushin gidansa, sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, da gishirinsu da man shanunsu. Da na yi masa magana ya ce, "To mi kaka so in yi? Ana ci in naɗe hannu awa baƙo?"

Wata ranar kasuwa jiri ya ɗebe shi a rumfar masu hatsi. A asibiti malamar nan ta yi ta tambaya har ta gano zancen ciyayya, ta ce dole ya riƙa ci a gida. Baba ya tsorata, ya yarda. Sai Inna ta koma ɗora tukunya biyu. Akushi ba ya daina fita daga gida sai in maigida ya rasu, don haka ya ci gaba da fita da gishirinsa, yana dawowa fayau. Baba kuma ana kai masa nasa a zaure, shi kaɗai, yana jiyo dariyar abokansa ta bayan katanga.

Jini ya sauka. A taro na gaba har tsayar da shi aka yi a gaban jama'a don a yi koyi da shi, aka tafa masa. Ya tsaya yana kallon ƙasa. A hanyar gida wani tsohon abokinsa, mahauci ne mai bakin tsiya, ya ɗaga murya ya ce, "Maijego, yaushe za a yi arba'in ki hito?" Kowa ya yi dariya, har da Baba. Ranar bai taɓa tuwonsa ba.

Bayan ƙaramar Salla ya koma wajen ciyayya. Na hau mota takanas daga Tambuwal don in yi masa magana. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Na ji ka, malam. Ni dai tun da nit tashi ban san mai ci shi ɗai ba, in ba marowaci ko majinyaci. Ni ko ba ko ɗaya ba na." Na ce ai majinyacin ne. Ya ce in gaida mutanen Tambuwal. Na ji haushinsa sosai, kuma har yau ban gama hucewa ba. Ƙwayoyin yana sha idan ya tuna, ko idan Inna ta tsare shi.

Da damina abin ya zo, yana alwalar la'asar. Ɓarin dama ne ya shanye. Muka kai shi asibiti a Tambuwal, Allah Ya yi da sauran kwana. Magana ta dawo a hankali, ƙafa ma yana ja da sanda. Hannun ne bai dawo ba. Ba a sa hagu a akushin mutane, wannan ko yaro ya sani, saboda haka ba wanda ya sake hana shi fita. Shi ya hana kansa. Mahaucin nan ya zo da wasu, suka ce za su dawo da tabarmar cikin zauren, su ba su damu da wane hannu ba. Baba ya ce shi ya damu.

Yanzu a faranti yake ci, da cokali. Inna na raba shi yadda aka nuna a hoton, rabi ganye, tuwo ɗan mitsitsi. Awon jininsa daidai yake, malaman asibiti na yabawa. Akushin gidanmu kuma yana fita kullum bayan magariba. Idan aka dawo da shi ta zaure, Baba ba ya duban ciki. Sai Inna ta zo ɗaukar farantinsa yake tambaya, da bakin nan da ya karkace.

"An canye?"

"An canye, Malam," in ji ta.

Sai ya gyaɗa kai, ya ce ta ɗauke nasa, ya ƙoshi.