Maganar Gado Ta Kai Ni Ƙasar Dogo

Mun tashi da asuba daga tashar motocin Magarya da ke Zinder, ana idar da salla. Na ce "mun" ne don motar cike take, amma ni kaɗai na fito daga gidana, kuma ban san kowa a ciki ba. Ƙauyenmu na nufa, a ƙasar Dogo. Kafin hanya zan fara da dalili, don labari ya tafi a kan tsari.

Mahaifinmu ya faɗi a gona, bai tashi ba. Bara Yayana ya faɗi a bakin rijiya, shi ma haka. A ƙauye cewa aka yi zuciya ce, wato mazan gidanmu sun cika haɗiye fushi. Bana ni ma numfashi ya fara gaza mini, sai na je asibiti a nan Zinder. Aka shafa mini wani abu mai sanyi a ƙirji, aka ɗora na'urar da suke kira eko, na ga zuciyata tana motsi a allo. Likitar, wata 'yar Damagaram mai bincike kan irin wannan ciwo, ta ce naman zuciyar ya saki. Ta tambayi aikina, na ce tsaron magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, na yi har na ajiye. Ta ce to zan gane. Naman jiki ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani. Kowane ɗaki yana ƙera wani abu mai suna furotin, ya ɗaure shi, ya sa masa alama, ya fitar da shi zuwa inda ake buƙata. Suna zargin a wasu gidaje wajen ɗaurin ne ake samun tangarɗa, kaya su taru a ƙofa ba su fita ba, zuciya ta yi ta rauni. Ba su tabbatar ba tukuna, shi ya sa take neman jinin dangi. Abin da ta tabbatar shi ne ciwon gado ne, kuma in an gano shi da wuri akwai maganin da ke sassauta shi. Ta ce in kawo 'ya'yan Yaya, musamman babban, magidanci ne, wanda na gaya mata ya taɓa suma a gona.

Na buga wa matar Yaya waya. Ba na son dogon zance a waya. Na ce, "Ina tafe jibi. A tara yara, maganar gado ce." Na kashe.

Yanzu hanya. Da muka bar duwatsun Zinder a baya, gonaki suka buɗe. Kaka ce, an yanke gero, dammuna jingine a gindin gawo, mata na tsinkar gyaɗa. Kwaltar lafiya lau a wasu wurare, a wasu kuwa direba ya fi yarda da gefen hanya. Jandarma suka tsayar da mu, suka duba katin kowa, suka daɗe a kan wani rago da ke bayan mota, kamar shi ma za a tambaye shi nasa. Kowa a motar da abokin hirarsa. Na kusa da ni ya yi barci a kafaɗata, wannan ce duk hulɗar da na samu. A Dogo na karya da ƙosai da kunu. Rake ya fi na Zinder araha nesa, na sayi ɗauri guda na tsaraba, na hau babur ɗin kabu-kabu muka shiga yashi.

Tun daga ƙofar gida na ga abin da ban gane ba. An share fili, an shimfiɗa tabarmi. Matar Yaya, wadda tun tana amarya take tsokanata da "ɗan birni mai tsoron kunama", ta leƙo ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Ba a ce in shiga ciki ba. A zaure aka ajiye ni, zauren da na yi rarrafe a cikinsa. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka a kwano mai murfi, irin na baƙi. Ina jin muryoyinsu a tsakar gida, suna magana ƙasa-ƙasa. Ni kaɗai na ci. Raken nan yana jingine a bango, babu wanda ya taɓa.

Bayan azahar liman ya zo da dattawa. 'Ya'yan Yaya suka zauna a gefe, babban a gaba, bai dube ni ba. Liman ya yi addu'a, sannan ya ce, "To, Malam, haƙƙinka ne, ba mai hana ka. Wacce kake nema, ta fadama ko ta tudu?"

Sai a lokacin na ji maganata da kunnensu. Gonakin mahaifinmu ba a taɓa raba su ba. Na tafi birni na bar wa Yaya, kuma daga cikinsu 'ya'yansa suke ci.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba gona ta kawo ni ba. Gadon da nake nufi an riga an raba shi, kowa ya ɗauki nasa bai sani ba." Na dafa ƙirjina. Na ba su bayani bi da bi: mahaifinmu, Yaya, ni, eko, ɗakuna da kayan da suka ƙi fita.

Wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Wannan gadon ai ka riƙe abinka, mun yafe maka." Wasu suka taya shi. Na zaci an wuce wurin. Sai matar Yaya ta yi magana daga bayan danga.

"Da gonar ka nema da ya fi mini sauƙi. Ka tara gari ka ce jinin gidan nan da ciwo. Wa zai ƙara neman aure a nan?"

Na ce, "Ba ni na tara gari ba."

Ta ce, "Kai ka ce gado."

Taro ya watse, kowa na sauri kamar an kira shi. Babu wanda ya ce zai zo asibiti.

Da la'asar na kama hanya, don na ga kwanana zai takura su. Babu kabu-kabu, sai ƙafa har bakin kwalta. Babban ɗan Yaya ya biyo ni da ƙullin gyaɗa a ka, wai rakiya. Yashin ba shi da tudu, amma na ga ya tsaya yana gyara ƙullin da ba abin da ya same shi. Can gaba ya sake tsayawa. Na san wannan tsayuwar, ni ma ita nake yi. Na tsaya tare da shi, muka yi kamar muna kallon gonar wani.

Da muka ga kwalta ya ce, "Baffa, na'urar nan tana da zafi?"

"Sanyi gare ta."

"Ana kwana?"

"A gidana za ka kwana."

Ya sauke ƙullin. "Sai an gama shigar da gero. Kuma kada Inna ta ji."

Mota ta zo, na shiga. Ban sa shi ya rantse ba, ko da yake na so.

Na iso Zinder ana kiran magariba. Na buɗe gida, yana yadda na bar shi. Na sha maganina, na zauna ina ɓare gyaɗar.

Tafiyar ta koya mini abu biyu. Na farko, magana ma kaya ce. Na yi shekaru ina faɗa da masu lodi kan kada buhu ya fita magaza babu alama, ga shi na aika kalma guda ƙauye haka nan, ta sauka inda ba a aike ta ba. Na biyu ya fi nauyi: mutum yana iya zama baƙo a zauren ubansa, kuma a ce jini ne ya jawo, jinin da shi kaɗai ya rage ya haɗa ku.

Likita ta tambaye ni mutum nawa na samo. Na ce ɗaya, watakila. Ta ce ɗaya ma mafari ne. Gero ya kusa gama shiga rumbu. Na share ɗakin da ke kusa da nawa, na kira kafinta ya ɗaure ƙafar da ta karye, na gyara wa yaron gado. Wannan gadon dai ba wanda zai kira liman a kansa.